Raihana Mai Hoto da Balbelun Tabkin Gidan Barmo

Duk matar da aka yi wa buki ko suna a Tasawa cikin shekarun nan, in ka shiga ɗakinta za ka ga aikin Raihana rataye a bango. Ita ce doguwar matar nan mai kamara a wuya, wadda take shiga taron mata kamar ita ta kira shi. Ta ja amarya nan, ta tura uwar ango can, ta gyara wa wata ɗaurin kallabi ba tare da an roƙe ta ba, sannan ta ja da baya, ta ƙyasta yatsa ta ce, "A dubo nan." Ba mai yi mata gardama. Har tsofaffin da suke rantsuwa ba su son hoto, da sun ji ƙyastawar nan sai ka ga sun miƙe wuya sun gyara mayafi.

Ba 'yar birni ba ce. An haife ta a Gidan Barmo, wani ɗan gari a ƙasar Kanan-Bakashe, mai tabki a gabas da shi wanda yake cika da damina ya kai har tsakiyar rani bai ƙafe ba. Ta yi lekol har ta iya karatu da rubutu, sannan aure ya kawo ta Tasawa gidan Sirajo mai shagon hoto kusa da tasha. Sirajo mutum ne mai sanyin hali, kuma abu ɗaya ya dame shi a sana'arsa. In an kira shi buki, a ƙofar gida ake tsayar da shi, ya yi ta ɗaukar maza zaune kan tabarma suna cin goro, alhali ainihin bukin yana can ciki inda namiji ba ya shiga. Wata rana ya gaji, ya rataya wa matarsa kamarar, ya nuna mata inda ake leƙawa da inda ake latsawa, ya tura ta ciki. Hotunan da ta fito da su ranar, duk ta yanke wa mutane kawuna. Amma kafin shekara ta zagayo, in an zo shago ita ake tambaya, shi kuma a gaishe shi a wuce.

Da wayoyi suka cika gari kowa ya zama mai hoto, shaguna da yawa suka rufe. Nasu bai rufe ba. Mata sun gane cewa hoton waya yana tafiya da wayar ranar da ta faɗa rijiya ko aka zare ta a kasuwa, na Raihana kuwa yana nan a bango har jikoki su gani. Idon Sirajo ya yi rauni, ya koma zaman shago wajen injin wanke hoto, ita kuma ta ci gaba da yawon gidaje.

Abin da ya sa ake kiran sunanta yanzu har ƙasar Mayahi, inda ba ta taɓa ɗaukar amarya ba, ya faru ne wata damina da ta je gida suna. Yayanta Haladu ya sami jikan fari. Haladu manomi ne kamar kowa a garin, kuma shi ne shugaban ƙungiyar masunta. A wannan shekarar ƙungiyar ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta kawo 'yan ƙananan tarwaɗa da karfasa cikin ganguna daga nesa, ta zuba a tabki don su girma a kama da rani. Tun ranar da aka zuba kifin nan Haladu bai ƙara yin barcin kirki ba. Da safe yana bakin tabki, da yamma yana bakin tabki, ko kwaɗo ya yi tsalle sai ya harare shi.

A gefen tabkin akwai itatuwan bagaruwa da ruwa yake shiga ƙarƙashinsu in ya cika. Duk damina balbelu suna sheƙa a kansu, itatuwan su yi fari fat kamar an shanya wanki. Raihana ta tashi tana ganin su, tana wanki a gefensu tun tana yarinya, ba ta taɓa ba su wani muhimmanci ba. Ranar sunan, bayan an watse, tana naɗe kayanta a tsakar gida sai ta ji maza a zaure suna maganar gatura. Ta bari yayanta ya shigo.

"Yaya, da gaske ne za ku sare iccen tabki?"

"Ba iccen ba, rassan. Baɗi su tohu."

"Ɗiyan da ke cikin sheƙunan hwa? Su ma baɗi za su tohu?"

Haladu ya zauna kan turmi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Raihana, kihinmu suke ɗura ma ɗiyansu. Na ishe ƙanana matattu ƙarƙashin iccen, da hannuna na ɗauka."

"Ka gani a bakinsu?"

"Wa ke iya kusantar su balle shi ga bakinsu?"

"Hwara suke ci, Yaya. Kowa ya sani."

"A daji suna cin hwara, ban musa ba. Amma tsuntsun da ya kwana bisa ruwa ya tashi bisa ruwa, shi ne zai bar kihi ƙarƙashinshi shi tahi neman hwara? Namadi ma irin maganarki ya yi wajen taro. Shi ko inuwar shanunshi yake karewa."

Namadi shi ne Bafulatanin da rugarsa take arewa da tabkin, wanda garkensa yake shan ruwa a nan tun kafin a haifi Raihana. Ya faɗi abin da ya sani, aka ce son kai ne, ya naɗe sandarsa a kafaɗa ya tafi.

Da la'asar Raihana ta taka zuwa bakin ruwan. Tun daga nesa ta ji su, wani irin kuka ƙasa-ƙasa mara yankewa, na ɗaruruwan bakuna masu jiran abinci. Yinin ranar ta yi shi ne tana ɗaukar jariri ɗan kwana bakwai a hannun uwarsa, a hannun kakarsa, a hannun kowa. Ta tsaya tana tunanin rassan nan suna faɗawa ruwa da abin da ke cikinsu. Tausayi ne ya kama ta, ya haɗu da haushin taurin kan yayanta wanda ta sani tun suna yara.

Washegari ta tafi ƙofar mai gari. Mace ba ta zuwa wajen nan haka kawai, amma wadda ta saba shiga ko'ina da kamara a wuya ta daɗe da manta inda ake tsayar da mutane. Mai gari ya san ta, ita ta ɗauke shi hoton katinsa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ranka shi daɗe, a ba ni lokaci in kawo maku hoton abin da ke shiga bakin ɗiyan nan. In kihi ne, ni da kaina in riƙe ma Yaya gatarin."

Mai gari ya yi murmushi cikin gemunsa. "Ɗiyata, tsuntsu ba amarya ba ne da za ki ce mashi tsaya. Amma mun ji. Masunta sun aje ranar saran wanshekaren kasuwar Kanan-Bakashe. In kin kawo kahin nan, mu duba. In ba ki kawo ba, ba ni hana mutane tsaron abincinsu."

Ta fito tana jin abin mai sauƙi ne. Wadda ta iya tsayar da dangin ango da dangin amarya cikin hoto ɗaya ba tare da an yi faɗa ba, tsuntsu ne zai gagare ta? Haka ta nufi tabkin da kayan da ta zo suna da su, don ba ta kawo wasu ba: leshi mai ƙyalli, awarwaro cike da hannu, turare kuwa sai wanda ya matsa. Ta taka bakin ruwa gabagaɗi kamar mai shiga ɗakin amarya, ta ɗaga kamara, filashi ya haska. Itatuwan suka fashe gaba ɗaya. Sama ta cika da fukafukai da ihu, kashin tsuntsu ya sauko mata a gyale da kafaɗa. Matan da ke wanki a gefe suka yi dariya har wata ta saki zanen da take matsewa ruwa ya ja shi. Da ta duba abin da ta ɗauka, ba komai sai farin hazo da gefen wani girgije.

Kwana na gaba ta fito da sassafe, ta kashe filashi, ta laɓe bayan wani itacen kargo. Tsuntsayen ba su tashi ba, amma idon kamararta na ɗaki ne, an yi shi don mutanen da ke tsaye gabanka. Daga inda take, kowace balbela ta fito kamar ƙwayar shinkafa. In ta matsa kaɗan su tashi, in ta tsaya nesa ba a ganin komai. Ta koma gida ta tarar da Haladu a tsakar gida yana wasa gatari a kan dutse, a hankali, daidai ƙofar ɗakin da aka sauke ta. Ta wuce shi ta shige ɗaki.

Inna ce ta fitar da ita. Inna matar Namadi ce, tsohuwa siririya mai kawo nono gari, wadda ta san uwar Raihana. Ta sauke ƙwaryarta a gidan Haladu, ta dubi Raihana sama da ƙasa.

"Ke ce anka ce kin tahi ma balbela da kayan buki?"

"Ni ce, Inna. Har ruga labarin ya kai?"

"Har shanu sun ji. Ɗiyata, in rana ta yi tsaka ki zo bakin ruwa ki zamna nesa, ki aje abin nan naki, ki duba da ido kawai."

Ta je. Da rana ta take sai ga garken Namadi ya gangaro. Shanun suka shiga ruwa har ciki, suka kutsa ƙarƙashin bagaruwar suna sha suna kaɗa wutsiya, ƙahoninsu suna gogar rassan da sheƙuna suke. Ko balbela ɗaya ba ta tashi ba. Namadi yana tsakiyarsu da malafarsa, ruwa har ƙugu, kansa bai fi kamu biyu da wata sheƙa ba, uwar tana zaune a ciki tana gyara gashinta. Raihana ta riƙe baki. Shekara nawa tana ganin wannan tun tana yarinya, ba ta taɓa lura ba.

"Balbela ba ta tsoron abin da ya shigo cikin shanu," in ji Inna da ta zo ta zauna kusa da ita. "Sai dai su shanun, sai sun yarda da ke. Da wanga ƙamshi naki ko maraƙi ba shi bari ki matso."

Haka Raihana mai hoto, wadda ba ta fita ƙofar gida sai ta fesa turare, ta koma ruga. Ta tuɓe awarwaro da 'yan kunne, ta yi wanka ba sabulu, ta ɗaura wani tsohon baƙin zanen Inna mai warin hayaƙi da nono. Ta zauna inda ake yi wa shanu hayaƙin korar ƙuda har idonta ya yi ja. Ta ba su dusa da kanwa a tafin hannu tana rintse ido in harshen ya taɓa ta, don ita dai tun tana ƙarama tsoron ƙaho take. Yawancinsu suka shinshine ta suka kau da kai. Wata tsohuwar jar saniya mai karyayyen ƙaho ce ta fara yarda, ta bar ta ta dafa mata tozo. Namadi ya ce wannan ta isa, inda ta sa ƙafa sauran suke bi.

Ana gobe kasuwa ta shiga ruwa da garken. Kamarar tana cikin wata tsohuwar ƙwarya a kanta, an rufe da faifai. Hannunta ɗaya yana kan jar saniyar, ƙafarta tana nutsewa cikin taɓo, ruwa ya kawo mata ƙirji. Suka shiga inuwar bagaruwa. Wari ya buge ta, ƙarar ta cika mata kunne, amma ba tsuntsun da ya motsa. Ga wata sheƙa daidai fuskarta, 'yan ƙirare ne aka jera sama-sama, a ciki 'ya'ya masu farin gashi tsaye cirko-cirko, da manyan bakuna da ba su dace da jikinsu ba. Ta sauke ƙwaryar a hankali ta ɗora a bayan saniyar, ta fiddo kamara. Ba a daɗe ba uwar ta sauko, da jan gashin nan na lokacin ƙwai a kanta da ƙirjinta. 'Ya'yan suka miƙe suna rawar jiki. Haske ya yi daidai, komai ya zauna yadda mai hoto yake roƙon Allah ya zauna.

Sai bakin Raihana ya yi abin da ya saba. Yatsanta ya ƙyasta, muryarta ta fita sarai: "A dubo nan."

Itacen ya tashi. Shanun suka zabura suka yi waje, ruwa ya watsu, da ƙyar ta ɗaga kamarar sama ta tsira. Namadi ya dube ta, ya bi shanunsa. Inna da ke bakin gaɓa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Raihana ta fito ruwa yana zuba daga jikinta, ta zauna kusa da ita, sai hawaye. Haushin kanta ne ya sa ta kuka, don ta kai inda ba wanda ya taɓa kai kamara, ta ɓata da bakinta.

Inna ta share idonta ita ma, na dariya. Ta laluba cikin ƙwaryarta ta fiddo wani guntun asuwaki mai kauri.

"Gobe ki ciza wanga tun daga gaɓa. Hannuwanki kuma duka biyu bisa abin. Bakin da ke riƙe da icce ba shi kiran kowa."

Ranar kasuwa garin ya watse, kowa ya hau amalanke ko moto ya tafi Kanan-Bakashe. Hadari yana haɗuwa a gabas. Namadi ya kawo garken da wuri, suka shiga, Raihana da asuwaki a baki kamar doki da linzami. Ta koma gaban sheƙar jiya. Uwar ba ta nan. Ta jira. Shanun suka sha suka ƙoshi, suka fara juyawa za su fita, kuma in suka fita ita kaɗai za ta rage a fili. Namadi ya fara yi musu magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, yana kiran wannan yana shafa waccan, suka tsaya suna tuƙa. Wani abu ya maƙale mata a ƙwauri yana tsotsa, ta san matsattsaku ne, ta ƙara cije itacen ba ta motsa ba. Hannuwanta suka gaji don nauyin kamarar, ta jingina gwiwar hannu a bayan jar saniyar, saniyar kuwa ta tsaya kamar an dasa ta.

Sai ga uwar ta sauko daga wajen gonaki, maƙogwaronta a cike. Ta taka bakin sheƙar, 'ya'yan suka yi mata ca. Babban cikinsu ya cafke bakinta a gicciye yana ja, ta sunkuya, wuyanta ya motsa, ta amayo wani dunƙule. Rabi ya shiga bakin ɗan, rabi ya faɗo kan ƙiraren ya warwatse, ƙananan suka hau tsattsaga. Raihana ta latsa, ta latsa, ta ƙara latsawa. Ƙarar kamarar ta ɓace cikin numfashin shanu. Da wannan uwar ta tashi sai Raihana ta juya ga sheƙar da ke gefe, da wadda ke sama da ita, duk wadda uwa ta sauko ta ɗauka, har ɗigon ruwan sama na farko ya faɗo kan faifan.

A gaɓa ta tofar da asuwakin, ta ga haƙoranta sun kusa raba shi biyu. Ta buɗe hoton a ɗan gilashin bayan kamara, ta ƙara girmansa da yatsa. Ta miƙa wa Namadi. Ya ƙanƙance ido, ya kai shi nesa, ya kawo shi kusa.

"Ɗiyata, ni dai hwari-hwari nake gani."

Nan ta gane aikin bai ƙare ba. Mai gari da dattawansa duk idonsu irin na Namadi ne, Haladu kuma zai ce abin cikin gilashi kowa yana iya haɗa shi. Sai an wanke, babba, wanda za a riƙe a hannu. Ta cire matsattsakun da gishirin Inna, ta ɗaura zanenta, ta sami ɗan kabu-kabu da ya dawo daga kasuwa ya kai ta Tasawa cikin yayyafi.

Sirajo ya ga matarsa ta shigo shago ba awarwaro, tana warin shanu, ƙafa duk taɓo. Ya buɗe baki zai yi tambaya, ta tare shi.

"Malam, ka bar tambaya sai na dawo. Babbar takardar nan da muke ajiya, ita nake so."

"Kuran ya ɗauke tun azahar, ba wutar tada injin," ya ce. "Amma zamna ki ci abinci, shina dawowa."

Wutar ba ta dawo ba sai da gari ya waye. Injin ya turo hoton a hankali, Sirajo ya kai shi bakin ƙofa wajen haske ya matso da shi kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago sai ya ce, shekara da shekaru yana sana'ar nan bai taɓa ɗaukar kamarsa ba. Wannan magana ta yi mata daɗi har cikin rai, amma ba lokacin tsayawa. Ta naɗe babban da ƙananan cikin leda ta hau moto.

An kwana ana ruwa. A rabin hanya suka tarar da ƙorama ta yanke turba, moto ya shiga ya mutu, mai shi ya hau duba ko ruwa ya shiga isansi, wato man fetur. Raihana ta ɗora ledar a ka ta ƙetare da ƙafa, ta tari wani mai amalanken shanu da zai bi ta Gidan Barmo. Duk wanda ya taɓa hawa amalanken shanu yana sauri ya san irin azabar. Rana tana ɗagawa, bijimin yana tafiya kamar mai zuwa gaisuwar surukai.

Tun kafin su shiga gari ta ga balbelu suna shawagi a sama suna kuka, sannan ta ji saran gatari. Ta diro daga amalanken ta kama gudu, mace mai jikoki a hanya, zane a hannu ɗaya leda a ɗaya. Garin duka yana bakin tabki. Mai gari ya sa an jira ta har hantsi ya ɗaga, da ba ta zo ba ya ce a fara. Masunta suna cikin ruwa, Haladu a gaba, kuma wani babban reshe ya riga ya kwanta a ruwa da sheƙunansa.

Ta zube gaban mai gari ba ta iya ko gaisuwa, ta warware hoton a kan tabarmarsa. Ya ɗaga hannu, saran ya tsaya.

Uwar balbela ce ta cika takardar, kanta a sunkuye, ɗanta riƙe da bakinta. Tsakanin bakunan biyu ga ƙafar fara nan ta leƙo, doguwa, da ƙayoyinta a jere ana iya ganin kowace ɗaya. A kan ƙiraren kuma fara ce zube, wasu da fukafukansu, wasu da kawunansu, har da wata koriyar tsutsa. Can baya, ta tsakanin ganye, ga shato, dogon tankin ruwan Gidan Barmo, tsaye, don kada wani ya ce a wani gari aka ɗauko.

Dattawa suka sunkuyo. Wani tsoho ya sa yatsa kusa da takardar ya ce, "Wagga ai ita ce ke cikin gonata. Ita ta cinye mani ganyen wake." Aka kira Haladu. Ya fito ruwa yana ɗiga daga rigarsa, gatari a hannu, ya tsuguna. Ya miƙa hannu zai taɓa, Raihana ta ce hannunsa da ruwa, ya janye. Ya daɗe yana dubawa.

"Sheƙa guda ce," ya ce daga baya, muryarsa ba ƙarfi.

Ta zazzage ƙananan hotunan a gabansa, na sauran sheƙunan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman ko ɓawon kifi. Fara ce, sai tsutsa, sai wutsiyar wani ɗan ƙadangare.

Mai gari ya gyara zama. "Jama'a, gero na bisa hidda kai, kun ko san yadda hwara ta yi yawa bana. Waɗanga tun sahe har marece gonakinmu suke ma aiki, ba mu sani ba. Abin da ke cin kihi a neme shi wani wuri. A hito da gatura daga ruwa."

Wata mata ta rangaɗa guɗa daga baya, sauran suka kama. Raihana ta zauna daɓas a kan rairayi, sai a lokacin ta ji ƙafafunta suna ciwo. Daɗi ya cika ta har ba ta san me za ta ce wa masu yi mata barka ba.

Haladu bai tsaya jin guɗar ba. Ya jingina gatarinsa a jikin wani itace, ya koma cikin ruwa shi kaɗai, ya nufi reshen da ya sare. Wasu 'ya'yan sun riga sun nutse, ba abin da za a yi musu. Amma sheƙa ɗaya ta tsaya a saman ruwa cikin ƙaya, da 'ya'ya biyu jiƙe sharkaf suna maƙale. Ya cire hularsa ya sa su ciki, ya zare sheƙar daga ƙayar tana yagar masa hannu, ya kai ta wata gwafa a jikin itacen, ya ɗaure da igiyar komarsa ta kamun kifi, ya mayar da su. Da ya fito, mai gari ya ce kowa ya ja baya. Garin duka ya koma can kan tudu ya zauna, har yara aka hana su motsi.

Balbelun suka daɗe suna kewaya sama. Sannan suka fara sauka, ɗaya nan ɗaya can, itatuwan suna komawa fari. Gwafar nan dai ba wadda ta je. Haladu yana zaune kusa da ƙanwarsa, jini yana bin yatsunsa, idonsa bai bar wurin ba. Can sai wata ta karkato daga sama, ta sauka kan kututturen da gatari ya bari, ta tsaya tana duban igiyar. Ta taka, ta ƙara takawa, ta leƙa cikin sheƙar, ƙananan kawuna biyu suka ɗago.

"Raihana," ya ce a hankali, "ta zo." Ya sa jiƙaƙƙiyar hular ya rufe fuskarsa.